Matambayi Ba Ya Ɓata: Kwaleji Ce Ƙarama, To Karatun Fa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Malam, ina neman a warware mini wata magana da ta raba kawunan mutanen gidana. Ɗiyata ta fari ta ƙare sakandare bara da sakamako mai kyau, kuma da taimakon wani malaminta ta nemi gurbin karatu a Amurka. Yanzu wata makaranta mai suna Macalester, a jihar Minesota, ta aiko mata da takardar karɓa tare da alkawarin ɗauke mata mafi yawan kuɗin karatu. Da muka bincika sai muka tarar ba ta gwamnati ba ce, ɗalibanta ba su wuce dubu biyu da 'yan kai ba, kuma tana kiran kanta kwalejin "liberal arts". Yayana ya ce kwaleji ai kwaleji ce ko a ina take, difloma kawai yarinyar za ta kwaso ta dawo. Mahaifiyarta kuma ta ce me ya haɗa wadda ta yi ajin kimiyya da makarantar zane-zane? Ga shi ta sami gurbi a nan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne addininta da tarbiyyarta. Wace irin makaranta ce wannan?

Daga wani uba, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a karatun yarinyar, ya kuma saka wa malaminta da alheri.

Zan fara da maganar Yaya, domin ba laifinsa ba ne, kalmar ce ta yaudare shi. A nan Sakkwato idan aka ce kwaleji, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne sakandare irin Nagarta, ko kuwa Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari inda ake horar da malamai. A Amurka kuwa irin wannan kwaleji makaranta ce mai ba da cikakken digiri na farko na shekara huɗu, daidai da wanda jami'a ke bayarwa. Inda suka rabu shi ne jami'a takan haɗa digiri na farko da na biyu da na uku, ga tsangayar likitanci, ga ta shari'a, ita kuwa kwaleji ta tsaya a kan digiri na farko ta zuba masa dukan ƙarfinta. Wanda ya gama can zai iya wucewa digiri na biyu a kowace jami'a, kuma idan ya dawo gida aka tantance takardunsa zai yi hidimar ƙasa kamar kowa. Abu guda da ya kamata ka sani tun yanzu, don kada ya zame maka abin mamaki daga baya, shi ne Macalester digirin B.A. take bayarwa ko da ɗalibi kimiyyar sinadarai ya karanta. Takardar sakamakon darussa ce ke nuna abin da ya ƙware a kai, saboda haka a riƙa haɗa su biyu duk inda aka je neman aiki.

Ita makarantar an kafa ta a 1874, tana kuma birnin Sent Pol, hedikwatar jihar Minesota, wanda ke manne da birnin Miniyapolis. Wani limamin Kirista mai suna Edward Neill ne ya assasa ta, aka kuma sa mata sunan wani attajirin Filadelfiya, Charles Macalester, wanda ya ba da kyautar gini. Asalinta na cocin Furesbiteriyan ne, amma a yau ba a tilasta wa kowa ibadar wani addini, kuma an san ta da jawo ɗalibai daga ƙasashen duniya, har ma tun 1950 take kafa tutar Majalisar Ɗinkin Duniya a harabarta. A can Kofi Annan na Gana ya yi digirinsa na tattalin arziki ya gama a 1961, shi ne kuwa ya zama Babban Sakataren Majalisar daga 1997 zuwa 2006. Malami ɗaya yana ɗaukar ɗalibai kamar goma idan aka raba, kuma filin makarantar gaba ɗaya mutum zai ratsa shi da ƙafa cikin 'yan mintuna. Wanda ya saba da tafiyar da ake yi daga cikin gari zuwa mazaunin dindindin na jami'armu zai ɗauka wata unguwa ce kawai ya shiga.

Sai maganar Hajiya, wadda ita ce zuciyar al'amarin. Kalmar "arts" da ta ɗauka da ma'anar zane-zane, ko ajin da ba na kimiyya ba, a nan fannonin ilmi take nufi, ɗaya kalmar kuma, "liberal", daga Latin ta fito, tana nufin ɗa, wato wanda ba bawa ba. A taƙaice dai ilmin da ya kamaci mutum mai 'yancin kansa, wanda za a nemi shawararsa a al'amuran jama'a, saɓanin koyon sana'a guda. Turawan zamanin da sun ƙidaya fannonin bakwai: nahawu, balaga, manɗiƙi, lissafi, handasa, ilmin taurari da na kiɗa. Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami a Sakkwato, idan ya ji wannan jerin, zai ce ai mafi yawansu namu ne. Malamanmu ba su taɓa yarda a kira mutum malami don ya san fiƙihu kaɗai ba. Sai ya sha nahawu da sarfu da lugga, ya leƙa manɗiƙi da hisabi da falaki, ya iya tsara waƙa. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar mana rubutu a kan malaman da ya zauna a gabansu da littattafan da ya karanta wurin kowannensu, kuma wanda ya duba zai ga faɗin abin. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu a kan mulki da tarihi, ya kuma yi a kan magani. Da Baturen nan Clapperton, wanda ya rasu a nan Sakkwato a 1827, ya kawo masa littafin handasa na Iƙlidis da Larabci, sai Bello ya shaida masa cewa da ma gidansu suna da kwafi wanda wani ɗan'uwansu ya kawo daga Makka, gobara ce ta cinye shi. Nana Asma'u kuwa ta yi waƙe da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ba ina cewa kwalejin Amurka zauren malam ce ba, akwai tazara mai nisa tsakanin manufofinsu. Amma tunanin cewa a faɗaɗa kan ɗalibi kafin a ƙuntata shi a fanni guda, kuma a yi hakan kusa da malamin da ya san shi ido da ido, ba baƙo ba ne a garin Shehu.

A aikace ga yadda abin yake. A wurinmu tun ranar cike takardar JAMB yaro ɗan shekara 16 yake yanke wa kansa hukuncin abin da zai zama, wani lokaci ma jami'a ce ke yanke masa, ya nemi likitanci a ba shi ilmin tsirrai, ya haƙura ya karɓa. A can ɗalibi yana shiga ne ba tare da an ɗaure shi da fanni ba, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu yake bayyana wanda zai ƙware a kai. Yakan ɗauki darussa huɗu a kowane zango, kuma dole ya taɓa kimiyya da lissafi, ya taɓa ilmin zamantakewa, ya taɓa adabi ko tarihi ko falsafa, ya nuna ya iya wani harshe bayan Ingilishi, ya kuma yi rubutu mai yawa wanda malami zai gyara masa layi-layi. Ɗiyarka za ta iya fitowa daga ɗakin gwaje-gwaje da safe ta shiga darasin tarihin Afirka da rana, kuma ba wanda zai ce ta ɓata hanya.

Na taɓa kai ziyarar mako biyu wata kwaleji irin wannan, ba Macalester ba, kuma abin da na gani a aji guda ya fi mini duk bayanin da ke cikin takardunsu. Ɗalibai goma sha huɗu ne kewaye da tebur, malamar tana zaune a cikinsu ba a gabansu ba. An ba su shafi sittin su karanto, kuma ba ta buɗe baki ta maimaita abin da ke ciki ba, sai ta dubi wani yaro ta kira sunansa ta ce, a makon jiya ka ce kaza, marubucin nan ya saɓa maka, me za ka ce masa? Yaron ya yi ta kame-kame, a fili yake bai yi karatun ba, kuma babu bayan wanda zai ɓuya. Ina zaune a gefe sai na tuna ajin da na koyar a wata jami'a a nan gida, ɗalibai sun haura ɗari huɗu, wasu a kan taga, ni ina fama da lasifikar da ke ɗaukewa duk lokacin da wuta ta tafi. Akwai haziƙai a cikinsu waɗanda da sun zauna a teburin nan da sun fi kowa, amma har suka gama ban san sunan ko kashi ɗaya cikin goma ba, lambobinsu kawai na sani a takardar jarrabawa. Abin da ake saye da tsadar kuɗin irin waɗannan makarantu ke nan, wato lokacin malami da hankalinsa.

Game da kimiyya, Hajiya ta kwantar da hankalinta. Tun da babu masu digiri na biyu da na uku da za su mamaye ɗakunan gwaje-gwaje, ɗaliban digiri na farko ne ke taya malamai bincike, musamman a hutun bazara. Thomas Cech, wanda ya sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1989, daga ƙaramar kwalejin Grinnell ta jihar Ayowa ya fito. Wangari Maathai ta Kenya, macen Afirka ta farko da ta sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004, ilmin halittu ta karanta a wata ƙaramar kwalejin mata a jihar Kansas, ta gama a 1964. Sai dai ƙanƙanta tana da nata naƙasu: fannonin ba su da yawa, sashe guda yana iya zama malamai biyar ko shida ne kacal, kuma kwasa-kwasan sana'a kai tsaye irin aikin jinya da haɗa magunguna da injiniyanci galibi babu su.

Yanzu kuɗi, inda nake so ka sa tabarau ka zauna da takardar da kyau. Cikakken kuɗin shekara a Macalester, karatu da ɗaki da abinci, ya haura dala 80,000, wanda idan aka ɗauki dala a kan naira 1,500 ya kai naira miliyan 120. Abin da ke ba irin waɗannan makarantu ikon yafe wa ɗalibi mafi yawan wannan shi ne waƙafi, wato dukiyar da tsofaffin ɗalibai da attajirai suka bari ana juyawa ana cin ribarta. Na Macalester ya kai ɗaruruwan miliyoyin daloli, kuma DeWitt Wallace, wanda ya kafa mujallar Reader's Digest, yana cikin manyan waɗanda suka gina shi. Amma "mafi yawa" ba "duka" ba ne. Tallafin yakan zo kashi uku a haɗe: kyauta wadda ba a biya, bashi wanda za a biya bayan an gama, da ladan aikin da ɗalibi zai yi a cikin makaranta, kamar a ɗakin karatu ko ɗakin cin abinci, wanda dokar biza ta taƙaita shi ga awa 20 a mako lokacin karatu. Ka ware kowanne daban, ka ga abin da ya rage a wuyanka, sannan ka ɗora kuɗin jirgi da inshorar lafiya da littattafai da tufafin sanyi. Ko da ragowar dala 3,000 ce kawai, naira miliyan huɗu da rabi ke nan kowace shekara har sau huɗu, kuma kai ma ka ga yadda naira ta yi tun 2023. Ka rubuta musu ka tambaya ko tallafin na shekara huɗu ne, da sharuɗɗan ci gabansa, da abin da zai faru idan sun ƙara kuɗin makaranta. Ga masu karatu da wata kwalejin ta daban ta kira 'ya'yansu, ku binciki ƙarfin waƙafinta da rajistarta, domin ƙananan kwalejoji marasa ƙarfi suna rufewa. Birmingham-Southern ta jihar Alabama, mai shekara fiye da 160, ta rufe a 2024.

Na bar maganar addini da tarbiyya zuwa nan ba don ita ce ƙarama ba. Ba zan ɓoye maka ba, rayuwar harabar irin waɗannan makarantu ta yi nisa da tamu. Ana buƙatar ɗalibi ya kwana a makaranta shekara biyun farko, maza da mata sukan zauna a gini ɗaya, akwai masu shan giya, kuma a aji ana tattauna addini da aure da jinsi ba tare da kunyar da muka saba da ita ba. Ba wanda zai hana ta salla ko lulluɓi, haka kuma ba wanda zai tashe ta da asuba. A ɗaya ɓangaren, a duk Amurka da wuya a sami wurin da ya fi wannan sauƙi ga Musulma baƙar fata, domin Minesota ce ke da al'ummar Somaliyawa mafi girma a ƙasar. Akwai masallatai da shagunan naman halal, mace mai hijabi ba abin kallo ba ce a titi, kuma a 2023 majalisar birnin Miniyapolis ta amince a riƙa kiran salloli biyar da lasifika. Ka sa yarinyar ta rubuta wa ofishin kula da harkokin addini na makarantar ta tambayi wurin salla, da abincin halal, da tsarin sahur da buɗa-baki, da ko za a ba ta ɗaki a sashen mata zalla, ta kuma nemi a haɗa ta da wata ɗaliba Musulma da ke can su yi magana ta waya kana ji. Sauran kuma kai da mahaifiyarta kuka fi kowa sanin wadda kuka haifa: shin mai tashi salla ce don kanta, ko sai an ƙwanƙwasa mata ƙofa?

Sanyi kuwa kada a kwatanta shi da hunturunmu. A watan Janairu yakan sauka digiri 15 ko 20 ƙasa da sifili, ga wadda ta tashi a garin da zafin Afrilu ke wuce 40. Kofi Annan da kansa ya sha ba da labarin yadda ya ƙi sa abin rufe kunne don yana ganin muninsa, sai da kunnuwansa suka kusa daskarewa ya je ya sayi mafi girma. Sannan ga biza: tun Yulin 2025 Amurka take ta tsaurara wa 'yan Nijeriya, don haka takardar karɓa ba tikitin jirgi ba ce. A tambayi makarantar ko za ta ajiye mata gurbin da tallafin zuwa wata shekara idan biza ta ƙi, kuma kada a saki gurbin Ɗanfodiyo sai an ga hatimi a fasfo. Ra'ayina, idan lissafin kuɗin ya fita ba tare da an sayar da gona ba, kuma kun amince da riƙon addininta, makaranta ce ta ƙwarai, ba wadda za a raina don ƙanƙantarta ba.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sakandare, kuma burina in zama likita. Idan na sami irin wannan kwaleji a Amurka, shekara nawa zan yi in fito?

Daga wani ɗalibi, Runjin Sambo.

AMSA: Ɗana, a nan shawarata ta sha bamban da wadda na ba Alhaji. A Amurka ba a shiga likitanci daga sakandare. Sai ka gama digiri na shekara huɗu, ka ci darussan ilmin halittu da sinadarai da fiziks da ake buƙata, ka zauna wata jarrabawa mai suna MCAT, sannan ka nemi makarantar likitanci ta wasu shekaru huɗu, bayanta kuma ga shekarun horo a asibiti. Matsalar ba tsawon lokacin kaɗai ba ce. Makarantun likitancin da ke karɓar baƙi kaɗan ne, tallafinsu ga baƙo ya fi ƙaranci, wasu ma sai ka nuna kuɗin karatun a ajiye kafin su buɗe maka ƙofa. Idan kuma ka dawo gida sai ka ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa kafin ka taɓa majinyaci. A nan kuwa shekara shida ce daga shiga zuwa fita, ga asibitin koyarwa a cikin garinku. Idan farar rigar ce ba ka da burin da ya wuce ta, ka dage da JAMB. Idan kuwa abin da ke ranka shi ne binciken cututtuka ko lafiyar al'umma, irin aikin gano dalilin da sanƙarau ke addabar yankinmu duk lokacin zafi, to ƙaramar kwaleji hanya ce mai kyau, domin digiri na uku a fannonin kimiyya a can yawanci jami'a ce ke ɗaukar nauyinsa har ta biya ɗalibi alawus. Karatun aikin lauya ma kamar na likitanci yake a can, shi ma sai bayan digiri na farko ake shigarsa.

TAMBAYA: Shin sai an ƙetare teku ake samun irin wannan karatu? Babu makamancinsa a Nijeriya ko maƙwabta?

Daga wata malamar makaranta, Tambuwal.

AMSA: Malama, akwai, ko da yake ba su da yawa. Mafi kusa da mu ita ce Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola, wadda Atiku Abubakar ya kafa, ta fara ɗaukar ɗalibai a 2005 bisa tsarin Amurka na ƙananan azuzuwa da darussan gama-gari. A Gana akwai Ashesi, wadda Patrick Awuah ya buɗe a 2002 da ɗalibai 30 a wani gida a Akara, bayan ya yi karatu a kwalejin Swarthmore ya kuma yi aiki da kamfanin Microsoft. A 2011 ta koma mazauninta a Berekuso, kuma an san ta da tsarin da ɗalibai ke rubuta jarrabawa ba mai tsaro, bisa alkawarin da suka ɗaukar wa juna na riƙon amana. Dukansu masu zaman kansu ne, kuɗinsu ya fi ƙarfin albashin malamin makaranta nesa ba kusa ba, sai dai suna ba da tallafi ga wanda ya nema da wuri kuma sakamakonsa ya yi kyau.

Wani ɓurɓushin wannan tsari ma yana cikin kowace jami'a tamu, mutane ne ba su lura ba. Nnamdi Azikiwe a Jami'ar Lincoln ta jihar Fensilbeniya ya yi digiri, wata ƙaramar makaranta ta baƙaƙen fata inda Kwame Nkrumah ma ya yi karatu, kuma da aka buɗe Jami'ar Nijeriya ta Nsukka a 1960 sai ta shigo da darussan gama-gari da kowane ɗalibi zai ɗauka ko mene ne fanninsa. Su ne kakannin darussan GST da 'ya'yanmu ke yi a yau, na Ingilishi da falsafa da al'adun Nijeriya da tarihin kimiyya, waɗanda ake tara ɗaruruwan ɗalibai a babban zaure a koyar, su kuma su haddace a daren jarrabawa. Idan kina da ɗaliba da kike ganin ta dace da Yola, ta sa jami'ar a takardarta ta JAMB kamar kowace jami'ar ƙasar nan, ta kuma nemi takardar tallafin tun kafin sakamakon WAEC ya fito.